Ɓarin Goro a Cikin Laima

Ranar Talatar da ta wuce wasu matasan unguwarmu su huɗu suka shigo shagona a nan Agege, suna riƙe da wani ƙaramin jirgi marar matuƙi da suka ƙera da hannunsu. Sun gama karatun injiniya, kuma jirgin nasu yana tashi, na gani da idona a filin ƙwallo. Saukowa ce ke ba su wahala, sau biyu yana faɗowa yana karya fiffike. Shi ne aka ce musu akwai wani tsoho mai ɗinkin tamfol a bayan kasuwar goro da ya taɓa yin aikin laimar jirgi, wadda matuƙi ke sauka da ita in jirgi ya lalace. Babbansu Nura jikan maƙwabcina ne, a gabana aka raɗa masa suna. Ya ce, "Baba Garba, ai ba wani aiki ba ne, yadi ne da igiya. Zuwa jibi ma ka gama mana." Na ba su benci suka zauna. Abin da na faɗa musu ranar bai kai rabin abin da ke bakina ba ladan ya katse mu, shi ya sa na zauna na rubuta sauran.

Ni a Agege aka haife ni, a nan aka haifi babana. Kakana sojan zamanin Turawa ne, da aka sallame shi bai koma Arewa ba, ya kafa gida a zango. Babana fataucin goro yake yi, don haka aikina na farko a duniya shirya huhu ne. A shimfiɗa ganye a kwando, a jera goro ɗaya bayan ɗaya, a juya kowanne a duba ko tsutsa ta huda shi, a rufe, a ɗaure yadda zai kai Kano ko Sakkwato bai bushe ba, bai ruɓe ba. Jirage kuwa ta kan rufinmu suke wucewa in za su sauka, har mun daina ɗaga kai. Bayan na gama sakandare na koyi keken ɗinki. Wani mai gadi mutumin Nijar da ke sayen goro wurin babana shi ya kawo labarin cewa kamfanin da yake gadi, mai gyaran jiragen soja a gefen filin jirgi, yana neman wanda ya iya ɗinki kuma yana karanta Turanci.

Wanda ya gwada ni Baba Lasisi ne, Bayarabe daga Mushin, tsohon soja, gajere, mai Hausar bariki, wanda ba ya dariya kafin azahar. Bai kalli takarduna ba. Zanen gado ya miƙo mini ya ce in ninke, ya tsaya yana kallon hannuna. Da na gama ya tambaye ni aikin ubana, na ce goro. Ya ce in zo ranar Litinin. Daga ranar har ya bar duniya "Mala" yake kirana, yadda Yarabawa ke kiran kowane Bahaushe, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

Ɗakin laima ba shagon tela ba ne. Akwai dogon tebur mai santsi wanda ya fi molue biyu tsawo, wato dogayen motocin hayar nan na Legas, ba ƙusa, ba tsaga, don ko silin zare kada ya maƙale. Akwai hasumiya da ake rataye laima ta sha iska kafin a naɗe ta, saboda damshin Legas ba ya barin komai. Kayan aikinmu kaɗan ne: wani katako mai faɗi na tura yadi cikin jaka, ƙugiya ta jera igiyoyi, 'yan jakunkuna masu dalma na danne ninki, da filoli masu jan ƙyalle. Kowanne an zana siffarsa a allon bango, ana ƙirga su kafin a fara, a sake ƙirgawa bayan an gama. In ɗaya ya ɓace, to yana cikin laima har sai an tabbatar ba ya ciki. A bakin ƙofa akwai faranti. Kafin ka shiga sai ka zazzage aljihunka a kai, makulli, biro, zobe, agogo, carbi, sannan Baba Lasisi ya shafa aljihunan da hannunsa. Shekara da shekaru yana wannan shafar, amma bai taɓa duba hular kowa ba.

Wata shida na yi ban taɓa laimar gaske ba. Wata tsohuwa ce da ta gama aiki nake naɗewa, in ɗauki awa uku a kanta, ya zo ya ja igiya ɗaya ta warware gaba ɗaya, ya ce in sake. Wata rana na yi naɗin da ni kaina na san ya yi kyau, na tsaya ina jiran yabo. Ya zagaya ta sau biyu, ya warware, ya tafi shan shayi. Ranar na kusa komawa rumfar goro. Abin da ya riƙe ni katin nan ne da ke cikin aljihun kowace jakar laima, inda mai naɗi ke rubuta sunansa ya sa hannu. Ina so in ga sunana a kai. Baba Lasisi ya gaya mini cewa a wannan sana'a akwai al'ada, duk matuƙin da laima ta cece shi sai ya duba katin, ya nemi mai sunan, ya kai masa kwalbar giya. Ya ce shi tun da ya fara ba a taɓa kawo masa ba, kuma kullum yana godiya ga Allah a kan haka.

A shekarata ta biyar babban aikin ya zo. Akwai wani tsohon jirgin koyar da matuƙa, mai kujera biyu da inji ɗaya. Injiniyoyinmu da wasu baƙi daga waje suka ce za su mai da shi ƙaramin jirgin yaƙi. Suka cire kujerar baya suka sa tankin mai da na'urori, suka ƙarfafa fikafikai don ɗaukar makamai, suka canza masa hanci. Guda ɗaya tak aka fara yi a matsayin samfuri, in ya ci gwaji a yi wa sauran. An shafe shi da farin fenti da jan layi. Sunansa a takarda lambobi ne, mu kuwa Zakara muke ce masa, don shekara biyu ya yi yana cika mana kunne da ƙara kowace safiya bai tashi sama ba.

Ku yaran yanzu kuna tsammani gwajin jirgi shi ne matuƙi ya hau, ya taka wuta, ya yi sama. Na ga an jera buhunan yashi a kan fikafikan Zakara har suka lanƙwasa, injiniyoyi na ƙarƙashi da ma'auni suna rubutawa. Na ga an ɗaure shi da sarƙa an kunna inji har ƙarshe, kwanon rumfar jirage yana rawa. Sai da ya yi makonni yana tafiya a ƙasa kamar mota, yau a hankali, gobe a ƙara gudu kaɗan, jibi a ɗaga hanci a mai da shi. An manna masa gutsattsarin zaren ulu a fiffike, da kyamara da za ta ɗauki yadda iska ke kaɗa su. Kowane gwaji da takardarsa, abu uku ko huɗu, ba a ƙara ko ɗaya a kai komai daɗin da jirgi ya yi. Mu kuma namu a ciki shi ne laimar da ke bayan kan matuƙi, a cikin kujerar da ke cilla shi waje in abu ya lalace. Aikinmu ne kaɗai a jirgin da kowa ke addu'ar kada a gwada.

Matuƙin gwajin shi ne Oga Bulus, mutumin duwatsun wajen Jos, Kirista, dogo, mai magana a hankali. Sauran matuƙa ba su san ma inda ɗakinmu yake ba, shi kuwa duk mako sai ya zo ya zazzage aljihunsa a faranti kamar kowa, ya shigo ya gaishe mu. Wata rana ya tsokane ni ya ce, "Garba, kai da ba ka shan giya, in laimarka ta cece ni me zan kawo maka?" Na ce, "Oga, Allah ya sa kada ka kawo komai." Ya ce amin, Baba Lasisi ma ya ce amin daga can ƙarshen tebur.

Lokacin da aka sa ranar tashin farko, hannun Baba Lasisi ya fara rawa, ya san haka, kowa ya sani, ba mai faɗa. Sai ya ce ni zan naɗe laimar kujera, shi zai tsaya a kaina yana dubawa. Na ji daɗi ƙwarai, har na kasa cin abincin safe. To ni ɗan mai goro ne. An hana cin goro a wurin aiki, saboda haka kullum a cikin molue nake ɓare ɗaya, in ci ɓari, in soke ɗaya ɓarin a naɗin hular saƙata don bayan azahar. Haka babana yake yi, haka kowane namiji a zango yake yi, hannu ne ke yi ba tare da kai ya sani ba. Ranar ma haka na yi. Na zazzage aljihu, aka shafa, na shiga da hulata a kai. Awa uku na yi a sunkuye a kan tebur, fanka a kashe don kada iska ta ɗaga yadi, gumi na zuba. Muka ƙirga kaya, sun cika. Baba Lasisi ya duba, ya sa jan zare da hatimin dalma, na rubuta sunana a kati, shi ma ya sa hannu. Masu kujera na jira a ƙofa, suka ɗauka suka tafi.

A wurin alwalar azahar na cire hula zan yi shafar kai, na sa yatsa a naɗin, babu goro. Na juya hular, na kakkaɓe. Bayan salla na koma ɗaki na duba ƙarƙashin tebur, na duba faranti, na bi hanyar da na biyo tun daga get ina kallon ƙasa. Na ce wa kaina a molue ya faɗi, ai kwandasta ya bangaje ni wajen sauka. Na ce ko ma na cinye na manta. Ina wannan gardama da kaina har la'asar, kuma a nan babban laifina yake. Da na yi magana da azahar, da jakar kawai za a dawo da ita. Kafin la'asar an riga an sa ta a kujera, an ɗaga kujerar da ƙugiya an zura a jirgi, an ɗaura mata harsasan da ke cilla ta, an rufe. Cire ta kwana biyu ne. A waje kuma ana kafa rumfuna, ana jera kujerun manyan baƙi na gobe. Na ɗauki jakata na tafi gida ban ce wa kowa komai ba.

Na iske babana a rumfa kafin magariba yana kwance huhun da aka riga aka ɗaure. Motar Kano na tsaye a bakin titi, direba na ta danna hon yana zage-zage da Yarbanci. Na tambaye shi me ya faru. Ya ce yana jin kamar wani goro mai huda ya wuce ta hannunsa, kuma bai tuna ya cire shi ba. Na ce, "Baba, ka tabbata?" Bai ɗago ba ya ce, "Da na tabbata ai da sauƙi. Rashin tabbas ɗin ne ya sa nake kwancewa." Na tsuguna na taya shi juya goron ɗaya bayan ɗaya. Ban gaya masa abin da ke damuna ba, shi ma bai tambaya ba.

Washegari na hau motar farko bayan asuba. Na samu Baba Lasisi yana goge tebur, na faɗa masa komai a tsaye. Ya faɗi wata magana da Yarbanci wadda ba zan rubuta ta a nan ba. Ya kama wuyan hannuna ya ja ni zuwa ofishin manajan aikin. Manaja ya saurara, fuskarsa ta canza. Ya ce ɓarin goro ba zai hana laima buɗewa ba, ya ce ni kaina ban tabbata yana ciki ba, ya ce da wuya ma a buƙaci laimar a zagaye biyu kawai. Ya tambaye mu wa zai tsaya gaban manya da ƙarfe goma ya ce musu an fasa tashi saboda goro. Baba Lasisi ya ce shi dai ya janye sa hannunsa daga kati. Ana cikin haka Oga Bulus ya shigo cikin kayan tashi, hular kwano a hammata. Aka maimaita masa. Bai kalli manaja ba, ni ya kalla.

Ya ce, "Garba, in kai za ka zauna a kujeran nan yau, za ka tashi?"

Na ce, "A'a, oga."

Ya ce, "To ni ma ba zan tashi ba."

Manyan baƙi suka zo, aka nuna musu Zakara yana gudu a ƙasa ya dawo, suka ci shinkafa suka tafi ransu a ɓace. Bayan kwana biyu aka kawo jakar ɗakinmu. Ranar sai da faranti ya cika, don injiniyoyi da makanikai duk sun zo kallo. Baba Lasisi ya yanke jan zaren, ya sa ni warwarewa da hannuna, ninki bayan ninki. Rabin zuciyata na roƙon kada a samu, rabi na roƙon a samu. A bakin jakar, inda igiyoyi ke zarewa in laima za ta fita, a nan yake, ya maƙale tsakanin madauki biyu, ya yi ja, har ya bar tabo a farin yadi, wanda daga baya sai da aka canza yankin. Baba Lasisi ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Wani matashin injiniya ya tambaye shi ko da gaske wannan zai hana ta buɗewa. Ya ce bai sani ba, kuma ba ya so a koya masa amsar da ran mutum. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, amma a daren na yi barci, wanda rabona da shi kwana uku.

Manaja ya so a kore ni. Daga baya na ji cewa Oga Bulus ne ya hana, ya ce mutumin da ya san za a iya korarsa amma ya zo ya faɗa da bakinsa, shi yake so ya riƙa naɗe masa laima. Aka dakatar da ni daga tebur wata uku. Shara nake yi a rumfar jirage, da safe kuma in bi layin masu tsintar tsakuwa a titin jirgi don kada inji ya zuƙe ta. Sunana ya koma Mai Goro, har masu sayar da abinci a get sun sani. Baba Lasisi ya kafa ƙusa a bakin ƙofa, ya fara rataye tasa hular kafin ta kowa. Ni kuma na daina cin goro daga ranar, a gidan da goro ke ciyar da mu.

Da Zakara ya tashi ba baƙo ko ɗaya, ba rumfa, mu kaɗai ne. Ya ɗauki gudu, ya ɗaga hanci kamar yadda ya saba, amma wannan karon bai mai da shi ƙasa ba. Bai ma naɗe ƙafafunsa ba, ya yi zagaye biyu a hankali, jirgin rakiya na gefensa yana duba masa ciki da wutsiya, ya sauko. Muka ruga titin jirgi, tsofaffi da yara, har Baba Lasisi da gajerun ƙafafunsa. Da na koma gida babana ya ce ya gan shi ta kan kasuwa, fari mai jan layi, kuma ya gaya wa duk mutanen rumfa cewa jirgin ɗansa ne. Shekara ɗaya da rabi ana gwaji bayan nan, kowane tashi a ƙara abu kaɗan, nisa, gudu, nauyi, juyi. Duk lokacin da wa'adin laimar ya cika a fito da ita, ta sha iska a hasumiya, in sake naɗe ta kaina ba hula.

Gwajin da ya cinye Zakara shi ne na kashe inji a sama. Dole a san ko jirgi zai sake kama wuta in injinsa ya mutu, don haka matuƙi kan hau can sama ya kashe da gangan, sannan ya kunna. An yi sau biyu lafiya. Na ukun an canza gudun da za a yi shi. Da hantsi ne, Oga Bulus yana can saman dajin da ke bayan Abule Egba ta wajen Abeokuta, mu kuma muna tsaye a ƙofar ɗakin rediyo muna ji ta lasifika. Muryarsa ba ta canza ba. Ya ce ya gwada na farko bai kama ba. Ya ce na biyu bai kama ba. A na uku aka ce masa ya fita. Ya ce akwai gari a gabansa da kasuwa tana ci, zai karkata zuwa daji tukuna. Muka ji ana karanto masa yadda yake yin ƙasa, lambar na raguwa. Can ya ce zai fita yanzu. Daga nan ba mu ƙara jin muryarsa ba.

Ban san daƙiƙa nawa aka yi ba. Na san dai kowa a ƙofar nan ya juyo yana kallona, ni kuma ina bin naɗin ƙarshe da na yi a kaina, ninki bayan ninki, ina neman inda na yi kuskure. Sai matuƙin jirgin rakiya ya yi magana ya ce ya ga laima, ta buɗe gaba ɗaya, mutum na lilo a ƙarƙashinta. Na zauna a ƙasa. Baba Lasisi ya dafa ƙeyata da hannun nan nasa mai rawa. A gonar rogo Oga Bulus ya sauka, manoma suka yi masa inuwa har jirgi mai saukar ungulu ya zo. Yana raye, amma bayansa ya bugu sosai, don ya fita yana kusa da ƙasa.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekararmu. Masu bincike suka zo, suka shimfiɗa laimar a teburina da laka a jikinta, suka bi ta ɗinki bayan ɗinki, suka karanta katin, ba su sami abin cewa ba. Amma Zakara ɗaya ne tak, kuma ya zama ɓaraguzai a daji. Masu ɗaukar nauyin aikin suka janye, baƙi suka koma ƙasarsu, kamfani ya rufe. An kai Oga Bulus jinya nesa, labarinsa ya yanke. Baba Lasisi ya koma Mushin, da damina ta zo ya rasu. Na ɗauko tsohon kekena na fara ɗinka tamfol, rigar kujerun ƙananan motocin haya na danfo, rumfar biki, ina kai wa 'yan kasuwar Oyingbo abin rufe kaya. Da yamma in taya babana ɗaurin huhu, don ƙarfinsa ya ragu. Abokai a majalisa su ce, "Mai Goro, ina jirginku?" In yi dariya, amma abin yana mini ciwo. A lokacin gani nake shekarun nan duk sun tafi a banza. Sai ranar Talatar nan da na tambayi su Nura wa ya turo su wurina, suka faɗi sunan malaminsu. Matashin injiniyan nan ne da ya yi wa Baba Lasisi tambaya a kan ɓarin goro, yanzu ya yi furfura, kuma abin da ya koya a jikin Zakara shi yake koya musu.

Kusan shekara ɗaya da rabi bayan faɗuwar jirgin, wata rana bayan la'asar, ina kan keke sai na ga inuwa ta rufe ƙofar shago. Oga Bulus ne, da sanda a hannu, ya rame, har na ga kamar ya rage tsawo. A bayansa ɗan dako ne da huhun goro guda cur a ka. Ya ce ya shiga kasuwa ya tambayi rumfar da ta fi kowa iya ɗauri, aka nuna masa wani tsoho, ya saya. Da aka sauke na kalli ƙullin igiyar, ɗaurin hannuna ne na shekaranjiya. Bai san cewa tsohon nan babana ne ba. Na ba shi kujera, ya zauna a hankali. Ya ce likitoci sun hana shi jirgin yaƙi har abada, koyarwa zai koma. Ya ce da kujerar ta rabu da shi ya ɗaga kai, ya ga yadin ya buɗe fari fat ba tabo, kuma abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne yanzu dole ya nemo abin da zai kai wa mutumin da ba ya shan giya.

Muka kwance huhun a bakin shago. Mutanen zango suka taru, har masu tambayar ina jirginmu, kowa ya samu. Babana ya zo yana dogara sanda, da ya gane wanda ya yi wa ciniki da rana sai ya kama hannunsa da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Oga Bulus ya zaɓo babban farin goro ya miƙo mini. Na ce masa shekara uku ke nan rabona da shi. Ya ce yau zan ci, ai nan ba ɗakin laima ba ne. Na ɓare, na kai ɓari baki, ɗacin ya sa idona ya kawo ruwa. Ban ankara ba hannuna ya ɗaga da ɗaya ɓarin ya nufi naɗin hula. Oga Bulus ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "Kawo shi nan. Wannan ni zan riƙe."

Saboda haka Nura, kai da abokanka, zan ɗinka muku laimar, kuma jirginku zai sauko lafiya in Allah ya yarda. Amma ba jibi ba. Ku ba ni mako biyu, sannan sai mun ɗaura mata buhun yashi mun sako ta daga saman benen Alhajin nan na unguwarmu sau goma kafin ta taɓa jirgin. Ku za ku naɗe ta da hannunku, ni zan tsaya a kanku in warware. Ku zo ranar Asabar da hantsi. Na sa faranti a kan benci, kuma akwai ƙusa a bakin ƙofa, kowa ya rataye hularsa kafin ya shigo.